Kada a ƙara wa bireka girma kafin a duba waya

Malam Edita,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa da fatan alheri, muna roƙon fili a jaridarka mai farin jini domin mu yi magana da masu gidaje da 'yan haya na zangunan Kumasi, daga Aboabo da Asawase da Sabon Zango har Tafo da Moshie Zango. Mu masu aikin wayar lantarki ne, kuma abin da ya sa muka ɗauki alƙalami wata ɗabi'a ce da ta zama ruwan dare a gidajenmu. Da zarar bireka ta fara faɗuwa, sai a aiki yaro kasuwa ya sayo babba, a cire mai lamba 20 a sa mai 32, wani lokaci ma har 63. Wasu kuma su haɗe saman bireka da ƙasanta da guntun waya, su ce an huta. Wutar tana zama, gaskiya ne, amma gidan ya rasa mai gadinsa ke nan.

Aikin bireka kare wayar da ke cikin bango ne. Ba firji take karewa ba, ba talabijin ba. Kowace waya tana da iyakar wutar da za ta ɗauka kafin robarta ta fara laushi, kuma da kaurin wayar ake zaɓar lambar bireka. Wayar fitilu da fanka mai kauri 1.5 ana ba ta bireka mai amfiya 6 ko 10, amfiya kuwa ita ce ma'aunin yawan wutar da ke bi ta waya. Wayar soket mai kauri 2.5 ana ba ta 20, sai fa idan an yi mata zobe, wato ta fita daga akwati ta zaga duk soket-soket ta dawo da ɗaya bakin, to a nan ne ake sa 32. Murhun lantarki babba yana son waya mai kauri 6 da bireka 32 tasa shi kaɗai. Waya mai 2.5 tana jure amfiya 20 zuwa 27 gwargwadon inda aka bi da ita, kuma a cikin silin ɗin da kwano ke gasawa da rana juriyar tana raguwa. Wanda ya ɗora mata bireka 63 ya ba ta izinin ɗaukar ninki biyu da wani abu na ƙarfinta. Zafi kuwa ba ya bin lissafin ɗaya da ɗaya: wuta ta ninka sau biyu, zafin waya ya ninka sau huɗu.

Ruwa ba ya tsami banza. Bireka tana faɗuwa ne saboda ɗaya daga cikin abubuwa uku, kuma yadda ta faɗi shi ke nuna wanne ne. Don haka kafin a taɓa komai a lura da abu biyu: wacce ce ta faɗi a cikin akwatin, kuma bayan wane lokaci.

Wadda ta fi yawa a gidajen haya ita ce ta nauyin kaya. Alamarta ita ce jinkiri. An ɗaga bireka, wuta ta zauna minti goma ko rabin awa, sannan ta faɗi, in ka taɓa jikinta ka ji ɗumi, in ka so ɗaga ta nan take ta ƙi sai ta huce. Kuma tana da lokacinta: da asuba a hunturu sa'ad da kowane ɗaki ya jefa hita cikin bokiti, da safiyar Juma'a lokacin guga, da dab da shan ruwa a watan azumi. Lissafinta ba wuya. Wutar Ghana bolt 230 ce, kuma kowane kaya an rubuta wat ɗinsa a gindinsa ko a bayansa. Ka raba wat da 230, abin da ya fita shi ne amfiya. Butar dafa ruwa mai wat 2000 tana jan kusan amfiya 9. Ka haɗa ta da dutsen guga mai 1500, da hita mai 1500, da ƙaramin murhu mai 1500, da firji mai 200, jimilla 6700, wato amfiya 29 a kan layin da aka yi don 20. Bireka mai 20 tana iya haƙuri da 22 har tsawon awa guda, amma a 29 an ƙera ta ne ta faɗi kafin awa ta cika. Abin da aka saye ta ta yi ke nan.

Abin da ya kamata a gane shi ne kayan zafi su ne masu cin wuta. Cajin waya, ƙwan fitila na zamani, talabijin, fanka, ko an tara su goma ba su kai hita ɗaya ba. Magani na yau da gobe shi ne a raba lokaci, kada a yi guga da dafa ruwa tare. Magani na dindindin shi ne a ja sabon layi daga akwati, da tasa waya da tasa bireka, musamman ga kicin da na'urar sanyaya ɗaki da hitar banɗaki da injin jan ruwa. Gidan da aka yi wa waya shekara talatin da suka wuce don ƙwai biyu da rediyo a kowane ɗaki, yau ga firiza a ɗakin mai sayar da ƙanƙara, ga keken ɗinki na lantarki, ga shagon aski an buɗe a zaure, duk a kan tsohuwar wayar. Masu gida su yi haƙuri da mu, wannan nauyi nasu ne. Wanda ya ƙara ɗakuna ya ƙara kuɗin haya, ya kamata ya ƙara layuka.

Ta biyu ita ce haɗuwar waya, inda waya mai wuta ta taɓa nutural, wato wayar da wuta ke komawa ta cikinta, ko wayar ƙasa, wadda ke kai wutar da ta zurare cikin ƙasa, kai tsaye. Wannan ba ta jira. Kana ɗagawa tana bugowa da ƙara, wani lokaci da walƙiya, wani lokaci a ji warin ƙuna a wani ɗaki. A nan muna roƙon jama'a kada a yi ta ɗagawa ana sake ɗagawa da fatan za ta zauna. Duk bugu ɗaya yana cin bakin ƙarfen da ke cikin bireka, yana kuma ƙara ƙona wurin da matsalar take. A bar ta a ƙasa, a zaga duk ɗakunan da suka mutu, a zare kowane fulogi daga bango. Zarewa muke nufi, kashe makunnin soket bai wadatar ba. A kashe makunnan fitilu. Sannan a ɗaga sau ɗaya. In ta zauna, laifin yana jikin wani kaya: a mayar da su ɗaya bayan ɗaya, wanda ya kayar da ita shi ne. Yawanci igiyar dutsen guga ce da ta murɗe ta tsage a gindi, ko fulogin da aka ɗaure da hannu silin waya ɗaya ya kuɓuce ya taɓa maƙwabcinsa. In kuwa an zare komai ta ƙi zama, matsalar tana cikin bango ko silin: ɓera ya ci roba, ko an buga ƙusar labule ta huda waya, ko ƙadangare ko kyankyaso ya mutu a bayan soket, ko tururuwa ta cika shi da ƙasa mai laima. Daga nan aiki ya bar hannun mai ɗaki.

Ta uku ita ce wadda mutane suka fi tsana, kuma ita ce mai ceton rai. A akwatin da aka haɗa da kyau akwai wata bireka mai faɗi, da ɗan maɓalli a jikinta mai harafin T, an rubuta 30mA, wato miliyamfiya 30. Ma'aikata suna ce mata RCD ko RCCB. Ita ba ruwanta da nauyin kaya. Tana auna wutar da ta fita ta waya mai wuta da wadda ta dawo ta nutural, in ta ga gibi ta san wani ɓangare ya zurare ta wata hanya, ta jikin firji, ko bango mai laima, ko jikin mutum, sai ta yanke cikin ƙasa da daƙiƙa ɗaya. A duba bambancin: amfiya ɗaya miliyamfiya 1000 ce, bireka mai 20 ba za ta motsa ba sai an wuce 20,000, alhali 'yan gommai kaɗan in sun bi ta ƙirji suna iya rikita bugun zuciya. Yarinyar da ta tsoma hannu a bokiti don jin ko ruwa ya yi zafi, hita na ciki, ƙaramar bireka ba ta san da ita ba. RCD ce kaɗai za ta gan ta.

Da yake ita ce ke gaba da layuka da yawa, in ta faɗi gida duka ke duhu, shi ya sa ake fushi da ita a ce ta cika tsoro, a kira wani ya tsallake ta. Muna ganin wannan ya fi sa babbar bireka muni. Tana yawan faɗuwa da damina, daga Afrilu zuwa Yuli da kuma ruwan Satumba da Oktoba, saboda ruwa yana shiga fitilar ƙofar gida, da soket ɗin tsakar gida, da haɗin wayar injin rijiya da aka naɗe da salatif aka bari a ƙasa. Ga yadda ake gano layin: a sauke ƙananan bireka duka, a ɗaga RCD, sannan a riƙa ɗaga ƙananan ɗaya-ɗaya ana ɗan jira. Wadda ta kayar da ita, a bar ta a ƙasa, sauran gida ya samu wuta, a bi kayan da ke kan layin da zarewa. Waɗanda aka fi kamawa su ne masu haɗa ruwa da zafi: hita, butar lantarki, tukunyar dafa shinkafa, injin wanki, tsohuwar firiza. Firji yana da wayo, domin yakan kayar da ita ne kawai lokacin da injinsa ya tashi, sai a ga faɗuwar ba ta da tsari, dare ko rana.

Akwai wani yanayi da ke rikita har masu koyon aiki. An sauke ƙananan bireka duka amma RCD ta ƙi zama, ko kuma kowane layi aka ɗora wa kaya sai ta faɗi. Dalili shi ne ƙaramar bireka waya mai wuta kawai take yankewa, nutural na nan a haɗe. In nutural ta taɓa wayar ƙasa a wani wuri, ko wani ya ari nutural daga layin maƙwabci lokacin da aka raba mita a gidan haya, zurarar tana nan. Wannan sai an kwance nutural ɗaya-ɗaya a akwati an gwada da na'urar auna lafiyar roba, wadda ke tura bolt 500. Layin da ya nuna ƙasa da megom ɗaya, wato ma'aunin da na'urar ke nunawa, ba shi da lafiya. Ma'aikacin da ba shi da wannan na'ura cinta kawai zai yi. Shi kuwa maɓallin T, a riƙa danna shi duk bayan wata uku. In an danna ba ta faɗi ba, ta mutu a tsaye, a canza ta.

Yanzu soket. Wanda ya daina ba da wuta alhali bireka na sama, a fara gwada shi da wani kayan da aka san yana aiki, domin sau da yawa fis ɗin da ke cikin fulogi ne ya tsinke. Fulogi mai ƙafa uku yana ɗauke da fis, mai amfiya 3 ga ƙananan kaya kamar fitila da rediyo, mai 13 ga kayan zafi, kuma kuɗinsa bai taka kara ya karya ba. Naɗe shi da takardar sigari ko silin waya daidai yake da cire shi. In soket biyu ko uku a jere suka mutu tare, waya ta saki a bayan na ƙarshen da ke aiki ko na farkon da ya mutu, domin daga wannan ake ɗaukar wuta zuwa wancan.

Soket mai ɗumi, ko mai baƙi a bakin rami, ko mai ƙara kamar ana soya abu, ko mai wari kamar na ɗanyen kifi, wannan shi ya fi ba mu tsoro, domin babu birekar da za ta faɗi saboda shi. Wutar da ke bi ba ta wuce ƙa'ida ba. Noti ne ya saki, ko bakin tagullar da ke riƙe ƙafar fulogi ya buɗe, wuta tana matsawa ta ɗan ƙaramin wuri tana haifar da zafi, zafin yana ƙara sakin notin, haka har roba ta kama. Abin da ke buɗe bakin kuwa sananne ne: tura fulogi mai zagayayyar ƙafa biyu da ƙarfi bayan an danne ramin sama da makulli, da cusa tsirarar waya a toshe da tsinken ashana. Soket ɗaya amfiya 13 ne iyakarsa, kusan wat 3000. Ekstenshan mai rami shida ba ya ƙara wannan iyaka ko kaɗan, kuma da yawa daga na kasuwa wayarsu 0.75 ce, wadda amfiya 6 kawai take ɗauka. Na cajin waya ne da talabijin. A sa masa hita ko dutsen guga, musamman in wayar tana naɗe ko tana ƙarƙashin kafet ko katifa, shi zai narke bireka na kallo.

Mai son canza soket da kansa, ga sharuɗɗan da ba a sassautawa. Ya sauke babban makunni, ba ƙaramar bireka kaɗai ba, domin a gidajen haya an sha samun ɗaki ɗaya da wuta daga mita biyu. In akwai janareta ko inbata ko sola, a raba su da layin. A gaya wa mutanen gida, kada wani ya zo ya ɗaga. Ɗan testa mai kama da sukundireba ba abin dogaro ba ne shi kaɗai, yana iya ƙin haske a kan waya mai wuta. A yi amfani da mita ta hannu mai auna bolt, a gwada ta a soket mai aiki kafin a kashe wuta, sannan a auna tsakanin ramukan uku bi da bi. In kana fuskantar soket, na sama na ƙasa ne, na dama mai wuta, na hagu nutural. Launin tsohon tsari ja ne mai wuta, baƙi nutural, kore na ƙasa. A sabon tsari ruwan ƙasa ne mai wuta, shuɗi nutural, kore da rawaya na ƙasa. A bi harufan L (mai wuta) da N (nutural) da E (na ƙasa) da ke bayan soket. In bakin waya ya ƙone, a yanke har inda tagulla ke sheƙi, a fere daidai yadda ba tsirara a waje, a ɗaure sosai a kan tagulla ba a kan roba ba, a ja kowace waya a ji ta kama. Bayan an mayar da wuta, tsakanin L da N da tsakanin L da E a ga wajen 230, tsakanin N da E kusan sifili. In L da E bai nuna komai ba, soket ɗin ba shi da ƙasa. Cikin akwatin bireka kuwa ba wurin mai koyo ba ne: wayoyin da suka shigo daga mita suna da wuta ko an sauke babban makunni.

Maganar ƙasa tana bukatar a tsaya. Firjin da ke ɗan cizo in an taɓa shi ba takalmi, famfon banɗaki mai tsikari, ƙofar ƙarfen shago mai girgiza hannu, duk suna cewa wuta na zurara kuma ba ta samu hanyar shiga ƙasa ba. Gidaje da yawa an ja waya biyu kawai don rage kuɗi, ramin sama na soket ado ne. Wasu an kafa sandar ƙarfen da ake haɗa wayar ƙasa da ita, amma ɗan gajeren rodin gini ne ya yi tsatsa, ko ɓarayin tagulla sun yanke wayar. Ana son sanda mai rufin tagulla, tsawonta aƙalla ƙafa huɗu, a wuri mai laima, da matsewa mai kyau, a kuma auna ta da na'ura, domin ƙasa tana bushewa a hunturu. Kwamitocin masallatai da makarantun Islamiyya su duba wannan da kyau, saboda wurin alwala da injin ruwa da yara marasa takalmi duk suna wuri guda.

Wani abin kuma ba na cikin gida ba ne. In fitilun wasu ɗakuna suka yi haske fiye da kima wasu suka dushe, fanka na gudu kamar za ta tashi, to mai yiwuwa nutural ta tsinke a sandar lantarki ta titi ko a hanyar shigowa, kuma wuta na iya haurawa zuwa kusan bolt 400. A sauke babban makunni nan take a kira ECG, kamfanin lantarki na Ghana. Mita da hatiminta da wayar da ta taso daga sanda nasu ne, ba a taɓawa. Haka in wuta ta yi rauni ƙasa da 200, injin firji da na ruwa suna jan amfiya fiye da ƙa'ida suna zafi. Lokacin dumsor, wato yawan ɗauke wuta da kawowa, in an ɗauke wuta a kashe manyan kaya, in an dawo da ita a ba firji minti biyar, ko a saya masa ɗan akwatin kariya mai jinkirta tashi. Tashin komai lokaci ɗaya yana cikin abin da ke kayar da bireka da zarar an kawo wuta.

Araha ba ta ado a wajen sayen waya. Akwai wadda alminiyom ce aka shafa wa tagulla: ka kankare ta da wuƙa ka ga fari, ka ɗaga naɗin ka ji ba nauyi. Akwai wadda aka rubuta 2.5 alhali ba ta kai ba. Irin wannan ko an sa mata bireka daidai lamba, lissafin ya riga ya ɓaci. A nemi mai shaidar Hukumar Ƙa'idojin Kaya ta Ghana, a karɓi rasit. Bireka ma tana da jabu, kuma ta gaskiya tana tsufa. Wadda ke faɗuwa ba kaya ba laifi a layi, ko notinta ya ƙone, a canza ta da mai lamba ɗaya da harafi ɗaya, B ko C kamar yadda aka tarar.

Doka ma ta yi magana. Dokar aikin waya ta 2011, wato L.I. 2008, ta ce wanda Hukumar Makamashi ta ba shaida ne kaɗai zai yi wa gini waya, kuma ta tanadi a sake duba wayar ginin da ya kai shekara 10. Tambayar ma'aikaci katinsa ba cin fuska ba ne. Muna kira ga matasanmu da suka iya aikin a hannu su je su zauna jarrabawar, ga sarakunan zango da limamai kuma su sa baki masu gidajen haya su kira a duba musu, a rubuta sunan kowane layi a jikin akwati, a kuma daina kulle akwatin a ɗakin mai gida ya tafi Tamale da makulli.

In wuta ta kama mutum, kada a taɓa shi da hannu. A sauke makunni, in ya yi nisa a ture shi da busasshen katako, a kai shi asibiti ko da ya ce ya warke, domin zuciya tana iya rikicewa daga baya. In soket ya kama da wuta, a yanke lantarki tukuna, kada a watsa ruwa, a yi amfani da yashi ko tukunyar kashe gobara mai hoda, a fitar da yara, a kira 'yan kwana-kwana a 192 ko 112.

Wassalam.

Naku,
Wasu masu aikin wayar lantarki,
Aboabo, Kumasi